Yadda ake ceto hoton da rana ta wanke

A Garwa, arewacin Kamaru, daga Maris zuwa Afrilu, rana ba ta raga wa mai ɗaukar hoto. Ango ya sa farar shadda mai aiki a ƙirji, an ɗauke shi da azahar a ƙofar gida, hoto ya fito riga fari fat, ko zare ɗaya ba a gani. Irinsu ake yawan kawo min shago, kuma akasarinsu suna gyaruwa.

Ka fara neman asalin hoton. Wanda ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi, don haka a turo maka shi a matsayin fayil, ko a kawo katin kyamarar. In a RAW aka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba, ka gode wa Allah. JPEG, wato fayil ɗin hoto na yau da kullum, matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, daga 0 zuwa 255, RAW kuwa dubbai. A JPEG, duk wurin da ja da kore da shuɗi suka kai 255 tare, ya ƙone ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Ka buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta Lightroom a kwamfuta, ka danna J, wuraren da suka ƙone za su yi ja.

Kada ka yi gaggawar rage hasken hoton gaba ɗaya. Fatarmu baƙa ce. Kafin riga ta dawo, fuskar ango ta nutse cikin duhu. Na'urorinmu galibi da Faransanci suke, to ka nemi Hautes lumières, wato ma'aunin wurare masu haske, ka ja shi hagu sannu a hankali, idonka a kan aikin rigar. Da zare ya fara bayyana, tsaya. Sai ka rage Blancs, wato ma'aunin fari, kaɗan. Exposition, wato hasken hoton gaba ɗaya, shi ne na ƙarshe, ni ba na cika wuce -0.7 ba. In fuska ta dushe, ɗaga Ombres, wato ma'aunin wurare masu duhu.

Inda na fi daɗewa shi ne burushin manhajar, wanda ke gyara wurin da ka shafa kawai. Ka shafa shi a kan rigar kaɗai, ka rage haske a nan, ka ƙara Texture don sheƙin shadda da ɗinki su fito. Ka kula da gefen wuya da hannu, kada ya taɓa fata. Snapseed ma tana da burushi, ga wanda waya kawai yake da ita. In ka wuce gona da iri, fari zai koma toka-toka, kuma mai riga ya san kuɗin da ya kashe a kanta, ba zai yarda ba. Ka mayar da haske kaɗan, in launin ya karkata zuwa shuɗi ka ɗumama shi.

Sararin sama a bakin kogin Binuwai lokacin hunturu dama fari ne saboda hazo, ka ƙyale shi. In kuma goshi ko kumatu ne suka ƙone, ni ba na ƙirƙirar wa mutum fatar da ba tasa ba. Nakan mayar da hoton baƙi da fari, ko in yanke gefen da ya lalace, in gaya wa mai hoto gaskiya kafin a buga. Kwafi nake gyarawa, asalin yana ajiye a katin.