Babi na 7: Kududdufin Kwaɗi a Bayan Gida

Darasi na 1: Wane kwaɗo?

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Ku dubi kalmar nan: kwaɗo. Harafin ɗ yana da lanƙwasa a kansa, kada ku manta da ita. Ba kwaɗon kulle ƙofa muke nufi ba, ba kuma na zogale da ƙuli ba. Mai rai muke nufi, wanda ke cin gara da tururuwa da gyare da tsutsotsin da ke ɓarna a lambu, ba ko sisin kwabo.

Iri biyu za su zo muku. Akwai mai kaushin fata da ƙuraje. Shi a tudu yake zama, sai zai yi ƙwai yake shiga ruwa, ƙwansa kuma a jere yake kamar carbi. Akwai mai santsin fata da dogayen ƙafafu, irin su burduddugi, shi ba ya nisa da ruwa. 'Ya'yansu duka sunansu talibambam, kuma suna iya zama a kududdufi ɗaya.

Wani a aji ya nuna mini wata halitta a waya, mai jela kamar ƙadangare, tana iyo tare da kwaɗi. Turawa na kiranta niyut. Babu ita a ƙasashenmu, kada ku wahalar da kanku nema. Talibambam ma take ci.

Darasi na 2: Haƙa rami da gangare

Ku zaɓi wuri mai ɗan inuwa, nesa da ɗakin kwana, nesa da makwararar ruwan wanki. Ku auna tsawo taki 4, faɗi taki 3. Zurfin tsakiya kamu 1, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Ku tsince duwatsu masu kaifi, ku zuba yashi, ku shimfiɗa tamfol marar huji, ku danne bakinsa da duwatsu.

To, a nan nake so ku natsu. Gefe ɗaya na ramin dole ya zama gangare. Gangare shi ne ƙasar da ta kwanta sannu a hankali, kamar mashayar dabbobi a bakin tafki. Ba a miƙe kamar bangon rijiya ba. A kwance.

Me ya sa? Kwaɗo da huhu yake numfashi in ya girma. In ya shiga bai sami hanyar fita ba, zai yi ta iyo har ya gaji ya mutu. Talibambam ma, ran da ƙafafunsa suka fito jelarsa ta fara ƙanƙancewa, tudu yake nema. Tamfol santsi gare shi, ɗan ƙaramin abu ba zai iya hawa ba.

Ga gwaji. Ku ɗora lemon tsami a saman gangaren. In ya gangara a hankali, kun yi daidai. In ya faɗa tim, ku ɗauko fartanya ku ƙara kwantar da ƙasar. Ba komai, kowa da haka ya fara. Sai ku jera tsakuwa da yashi a kan tamfol ɗin gangaren, don ƙafa ta sami abin kamawa.

Wanda zai binne tsohon baho maimakon haƙa babban rami, shi ma bai tsira ba. Ya jera duwatsu a ciki kamar matakala, tun daga ƙasa har baki.

Bara na zagaya gidajen 'yan aji. Wallahi da yawa rijiya suka haƙa, gefe huɗu a miƙe, wai ya fi kyan gani. Kyan gani ga wa? Wata baiwar Allah ta ce da ni kwaɗin garinmu ba su da ƙwari, kullum sai ta tsamo gawa. Haba Hajiya, ai ba kwaɗin ba ne. Sau uku na faɗa a aji, aka ce an gane. Ku ɗauki fensir ku rubuta sau 5: Gefe ɗaya gangare.

Darasi na 3: Ruwa

Ruwan sama ya fi. Ruwan famfo akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, yana cutar da talibambam. Ku tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana 2 kafin ku zuba. Kada ruwan sabulu ya shiga. Kada ku yi feshin maganin ƙwari kusa, domin fatar kwaɗo tana tsotse abin da ya taɓa ta. Kada ku saka tarwaɗa, za ta cinye talibambam tas.

Bayan kun zuba ruwa, ku sake duba gangaren. Yana nan a kwance?

Darasi na 4: Zuwan kwaɗi

Ba a kamo su. Damina na sauka za su zo da ƙafarsu, za ku ji kukansu da dare. Ku ajiye fasasshiyar tukunya a kife kusa da ruwa, su fake da rana. Mai kaushin fata yana da dafi a kumburin bayan idanunsa. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya taɓa ido ko abinci.

Darasi na 5: Hattara

Ruwan da ke kwance yana haifar da sauro. In kun ga tsutsar sauro ta yi yawa, ku kwashe da rariya, ku kwana cikin gidan sauro. Maciji na bin kwaɗo, ku nome ciyawar hanya. Gidan da ke da yaro mai rarrafe a kewaye ramin da shinge mai ƙofa.

Darasi na 6: Rani

Kwaɗin za su ɓuya a ƙarƙashin duwatsu. Ku riƙa ƙara ruwa.

Aiki: Ku zana kududdufinku, ku nuna gangaren da kibiya.