Yadda Ake Bin Diddigin Rikicin Yanki Bayan Yaƙin Cacar Baka

Duk wanda yake so ya fahimci rikicin da ya ɓarke a wani yanki bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a watan Disamba na 1991, sai ya fara da tambayar da ake yawan tsallakewa: wa ke ɗaukar nauyin masu faɗan a da, kuma wa ke ɗauka yanzu? Kafin wannan lokaci, gwamnatoci da 'yan tawaye da dama suna da ubangida a Amurka ko Sobiyet, wanda ke ba su makamai da kuɗi, yana kuma ja musu linzami idan sun wuce gona da iri. Da tallafin ya fara yankewa tun kafin rushewar, shugaban Somaliya Siad Barre ya tsere daga Mogadishu a watan Janairu na 1991, shugaban Habasha Mengistu kuma ya bar ƙasarsa a watan Mayu.

Daga nan sai mai nazari ya bi sawun kuɗi, domin a nan ne mafi yawan aikin yake. A Angola, ƙungiyar 'yan tawaye ta UNITA ta rasa goyon bayan Amurka da Afirka ta Kudu, amma ba ta ajiye makamai ba, sai ta koma sayar da lu'ulu'un da ake haƙowa a yankunan da ke hannunta, yaƙin bai lafa ba sai da aka kashe shugabanta, Jonas Savimbi, a 2002. Saboda haka a binciki wanda ke riƙe da mahaƙar ma'adinai, da wanda ke karɓar kuɗi a shingen hanya, da ƙasar da kayan ke bi kafin su isa kasuwa. Rahotannin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan takunkumi suna da amfani a nan, ko da yake karatunsu sai da haƙuri.

Kada kuma a tsaya a bakin iyaka, tunda masu ɗauke da makamai ba sa tsayawa. Makaman da suka warwatsu daga rumbunan Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sun rura wutar tawayen arewacin Mali a 2012.

Ƙungiyoyin yanki su ma a sa musu ido. Lokacin da rundunar ECOMOG ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, ta shiga Laberiya a watan Agusta na 1990, Najeriya ce ta ɗauki kaso mafi tsoka na sojoji da kuɗi, alhali wasu maƙwabta suna mara wa shugaban 'yan tawaye Charles Taylor baya. Don haka, kafin a gaskata sanarwar bayan taro, a duba wace ƙasa ce ta tura dakaru, wace ce kuma ta bar iyakarta a buɗe.