Kafin ka shiga ɗakin atisaye a Legas, san wasan faɗan da za ka koya

Matashin da ya taso yana kallon dambe a Agege ko Alaba Rago yakan ɗauka wasan faɗa duk ɗaya ne, ƙarfin hannu ne da zuciya. Kafin ka biya kuɗin rajista a ko'ina, bincika abu biyu: daga wace tazara ake kai hari a wasan, kuma da me ake cin nasara. Amsar ita za ta nuna maka gaɓar da za ka horar, da wadda za ta fara yi maka ciwo.

A dambenmu hannu ɗaya ake naɗe wa ƙyalle da zare, ɗayan a buɗe yake, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Damben Turawa kuwa hannu biyu ne, turmi minti 3, hutu minti 1, kuma wanda ya faɗi yana da damar tashi kafin alƙali ya ƙirga goma. Shi ya fi sauƙin samun masu koyarwa a Legas, musamman wajen babban filin wasa na Surulere. Ɗan Legas ne ma, Nojim Maiyegun, ya ciyo wa Najeriya lambarta ta farko a Olamfik, tagulla, a Tokyo a 1964.

Ɗan damben gargajiya da ya koma na Turawa yana zuwa da zuciya da iya auna tazara, amma yana zuwa da halaye masu cutar da shi. Ya saba buɗe ƙafafu sosai, nauyinsa a baya, yana jiran damar sakin hannu ɗaya daga nesa. Naushin nan mai lilo ana hango shi tun kafin ya iso, kuma yana barin haɓa a fili. Gyaran shi ne ka matso da ƙafafu su wuce faɗin kafaɗa kaɗan, ka sunkuyar da haɓa, hannun baya ya zauna a kunci. Hannun gaba kuma ya daina zama garkuwa kawai, ya koyi miƙaƙƙen naushi mai fita ya dawo ta hanyar da ya bi. Makonnin farko a gaban madubi da buhun naushi za su ƙare, kuma duk kocin da ya haɗa ka da wani a ranar farko, nemi wani wurin.

Naɗin hannu ma daban ne. Zaren dambe makami ne, bandejin Turawa kuwa kariya ce ga ƙananan ƙasusuwan hannu. Sayi mai tsawon mita 4.5. Rataya madaukin a babban yatsa, ka bi ta bayan hannu, ka zagaye wuyan hannu sau uku, ka hau kan gaɓoɓin yatsu sau uku, sannan ka ratsa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, kana komawa wuyan hannu kowane karo, ka ƙarasa a can. Yatsunka su kasance a ware lokacin naɗin. In ka dunƙule ka ji kan yatsu na mutuwa, ya matse, warware ka sake. Safar hannu ta gwaji da abokin atisaye ta zama mai oza 16, kusan giram 450, da robar kare haƙori.

Wanda ya taso da kokawa, judo ce ta fi kusa da jikinsa. Wani malami ɗan Japan, Jigoro Kano, ya kafa ta a 1882 (sunan ne kawai ya yi kama, ba Kanon Dabo ba ce). Bambancin shi ne ana kama riga, kuma faɗuwa ba koyaushe take ƙare wasa ba, ana iya danne mutum ko a shaƙe shi har ya sallama. Darasin farko a nan faɗuwa ne: haɓa a ƙirji, baya a lanƙwashe, ka daki tabarma da dukan tsawon hannu. Mai tokare ƙasa da tafi shi ke karya wuyan hannu ko ya goce kafaɗa. Jujitsun Brazil daga wannan tushe ya fito, sai dai yawancinsa a ƙasa ake yi. In an kama maka gaɓa, taɓa abokinka da hannu nan take ya sake, jarumta a wannan wurin ɗori take kaiwa.

Tekwando ta Koriya wasan ƙafa ce daga nesa, a cikinta Chika Chukwumerije ya ci tagulla a Beijin a 2008. Damben Tailan ya haɗa naushi da shuri da gwiwar hannu da ta ƙafa. A duka biyun, ciwon gwiwa yakan fito ne daga ƙafar da ke ƙasa: in ba ta juya a kan tafin gaba ba lokacin shurin gefe, gwiwa ce ke ɗaukar murɗar. Kada kuma ka biye wa masu dukan ƙarfe ko kwalba wai don ƙwauri ya yi tauri, buhu ya isa.

Sai abin da Legas ta ƙara. Zaɓi wurin da ke kusa, ko da bai kai wani kyau ba, domin mai tasowa daga Mile 12 zuwa Lekki cikin cunkoso ba zai yi wata biyu ba ya bari. Kwana uku a mako ya wadatar da sabon shiga. Auna nauyinka kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita, ka mayar da ita. Da azumi a bari sai an sha ruwa. Laimar garin nan tana raya makero a tabarma da cikin safa, don haka wanka nan take, a wanke bandeji, a shanya safa a buɗe.

In aka doke ka a kai ka ji jiri, ko ido ya rarraba, ko ka kasa tuna abin da ya faru, atisayen ranar ya ƙare ko da ka miƙe da ƙafarka. Kada ka koma gwaji sai likita ya duba ka. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa ko barcin da ake tashinka da ƙyar, wannan na asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba.