Yadda za ka canza man birki a wakala, ka kuma tabbatar aikin ya cika

Na daɗe ina tuƙi tsakanin Jidda, Makka da Ɗa'ifa, kuma duk yaron da ya zo daga gida ya samu aikin direba, hali ɗaya nake gani a tare da shi. Ya san lokacin juyen baƙin mai kamar yadda ya san sunansa, ya san iskar taya, amma ka tambaye shi yaushe rabon motar da sabon man birki, sai ya ce maka ai bai ragu ba. Alhali shan ruwa ne ke lalata man birki, ko da ɗigo ɗaya bai ragu ba.

Man da ke yawancin motocinmu, DOT 3 ko DOT 4, yana zuƙar danshin iska a hankali ta murfi da ta tiyon roba, kuma kowa ya san danshin Jidda. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma da zarar ruwan cikinsa ya doshi kashi 4 cikin 100, a 155 ma sai ya tafasa. DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa 140. Idan ya tafasa, tururi ne zai cika bututun, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota kuwa tana ta tafiyarta.

Ka fara da littafin motar kafin ka saurari kowa. Kamfanoni da yawa shekara 2 suke cewa ko kilomita 40,000, duk wanda ya riga zuwa, wasu kuma shekara 3. Ni a garin nan ba na wuce biyu, ko me littafi ya ce. Sai ka ɗaga bonet ka karanta murfin ɗan tankin man birki, a nan aka rubuta irin wanda motar ke sha. Ka kiyaye DOT 5, na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. DOT 5.1 daban ne, suna ne kawai ya yi kama. Tun da ka buɗe, ɗauki hoton tankin da waya yadda launin man zai fito. In ka ga ya yi ƙasa kada ka yi saurin cikawa. Galibi fahamat, wato takalman birki, ne suka cinye, ko kuma wani wuri yana yoyo, cikawar sai ta ɓoye maka ciwon.

A wakala, wato garejin dillalin kamfanin motar, wanda zai karɓe ka ba shi zai taɓa motar ba, rubutu kawai yake yi, kuma abin da ya rubuta shi makaniki zai bi. Saboda haka ka faɗa masa da bakinsu na Larabci: "tagyir zait faramil kamil, ma'a tansim", wato cikakken canjin man birki tare da tansim. Tansim shi ne fitar da tsohon mai da iska ta kowace ƙafa. Ka tsaya ka ga kalmar ta shiga takardar aiki kafin ka sa hannu. Ka nemi a raba maka lissafi, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, ka kuma tambaya ko harajin kashi 15 yana ciki, domin tun watan Yulin 2020 haka yake, kuma na ga masu zuwa da kuɗi cif-cif su rasa ciko a wurin biya. Man kansa ba shi da tsada, kuɗin hannu ne ke ɗaga lissafin. Sabis ɗin kilomita 40,000 yana da nauyi saboda abubuwa da yawa suna haɗuwa a rana ɗaya, filtar iska, filtar AC, baƙin mai, duba fahamat. Abin da babu shi a littafi, irin su wankin inji da magungunan zubawa a tankin fetur, ka ce a cire. Filtar AC ma da hannunka za ka iya sawa. In motar kafili ce, wato maigidan da ya ɗauke ka aiki, tura masa hoton lissafin tun kafin a fara, kada gobe a cire a albashinka.

Yanzu ga wurin da na sha wahala, kuma dalilin wannan rubutu ke nan. Akwai aikin rabi da ake yi: a zuƙe man da ke cikin ɗan tankin nan na sama da sirinji, a zuba sabo, a rufe. Minti biyar an gama. Ka leƙa ka ga mai fes, ruwan zuma, ka biya ka tafi. Alhali tsohon man yana nan kwance a bututu da wajen ƙafafu, kuma can ne zafin yake, can ne ake tafasa. Haka aka yi min a wani wuri, ni kuma ban duba ba. Bayan sati uku na ɗauko iyalin maigida daga Ɗa'ifa ta hanyar Hada, gangaren nan mai kwana-kwana da ke saukowa Makka. Mun yi nisa da sauka na ji birkin ya yi laushi kamar na taka katifa. Na sake takawa, ya ƙara nutsewa. Hajiya tana baya da yara uku, ta ce, "Malam, lafiya?" Ban iya amsa mata ba. Na mayar da giya ƙasa, ina ta bugun birkin da sauri, Allah Ya taimake ni na samu wuri na raɓe. Ƙaurin ƙafafun gaba har cikin mota. Washegari da aka buɗe ƙafar baya a gabana, abin da ya fito baƙi ne kamar shayin da ya kwana.

To ga yadda za ka gane an yi ko ba a yi ba. A bayan kowace taya, jikin abin da ke riƙe fahamat, akwai wani ɗan noti mai hular roba. Ta nan ake tansim. Kafin ka ba da mota durƙusa ka haska shi da fitilar waya, za ka gan shi a bushe, ƙura ta rufe shi. Bayan aiki ka sake dubawa, duka huɗun. In an taɓa shi za ka ga shaidar sifana, ka ga wurin a goge ko da ɗan maiƙo. In ƙurar tana nan yadda ka bar ta, ba a yi komai ba, ka koma ciki da hotunanka. Sannan ka duba fatura, wato rasidin biya: cikakken canji a ƙaramar mota yakan ci kusan lita ɗaya. Wanda ya rubuta maka ƙaramar kwalba guda ya ce ya wanke ƙafa huɗu, da sake. A bisa al'ada daga ƙafar da ta fi nisa da tanki ake farawa, wato baya ta dama, sai dai in littafin ya ba da wani tsari. Akwai kuma ɗan abin gwaji mai kamar biro da ake tsomawa ya nuna yawan ruwa, na saya na ajiye a mota, sai dai shi ma na tanki kawai yake faɗa maka.

Wasu za su ce me ya kai ka wakala, ga Sina'iyya, unguwar garejin makanikai, da araha. Gaskiya ne, kuma Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya ta bayyana cewa yin sabis a waje ba ya soke garanti muddin an bi ƙa'idar kamfanin kuma ka riƙe fatura. Amfanin Sina'iyya ma shi ne za ka tsaya a kan mu'allim, wato makanikin, kana gani. Ni dai motar da ke cikin garanti wakala nake kai ta, don tarihinta ya zauna a kwamfutarsu. In aka karɓi kuɗinka ba a yi aikin ba, akwai lambar ƙorafi ta ma'aikatar, 1900.

Kafin ka fita ƙofa, taka birki da inji a kunne ka riƙe. Ya tsaya da ƙarfi, kada ya riƙa sulalewa ƙasa. Gwada shi a hankali a harabar wurin. In man ya ɗiga a jikin mota wanke da ruwa nan take, yana cin fenti. Ragowar kwalbar da aka buɗe kada ka ajiye ta sai baɗi, ta riga ta fara shan ruwa. Rubuta kwanan wata da kilomita a bayan littafin, faturar kuma ka saka ta tare da istimara, takardar rajistar mota.