Yadda Ake Kare Kankana Da Kokwamba Daga Ƙuda A Noman Rani

Duk wanda ya taɓa noman kankana a fadamar Kwalkwalawa ko a bakin ruwan Goronyo ya san wannan takaicin: kankana ta fara ƙosawa, ka ɗaga ta, sai ka ga gefe guda ya yi laushi, ka tsaga ka tarar da tsutsa. Aikin wani ɗan ƙuda ne mai ruwan ɗorawa. Macen ce ke huda ɓawon tun 'ya'yan suna ƙanana ta zuba ƙwai a ciki. Kokwamba da kabewa da guna duk ba ta bar su ba.

Abu na farko, ka riƙa zaga gonarka kullum da sassafe. Duba 'ya'yan, ka nemi ɗan tabo kamar sukar allura, wani lokaci da ɗan ruwa mai danƙo a bakinsa. Ka kuma juya ganye, don darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, a ƙarƙashi take ɓuya.

Sai kwashe waɗanda suka harbu, kuma nan ne mutanenmu ke sakaci. Mutum ya tsinke ruɓaɓɓiyar kankana ya jefar a kan kunya, ya wuce abinsa. Tsutsar nan fita za ta yi ta shige ƙasa, ba da daɗewa ba ta fito ƙuda ta koma kan sauran. Ka tara 'ya'yan da suka harbu cikin baƙar leda mai kauri, ka ɗaure baki tam, ka ajiye a rana kamar mako guda. Zafin Sakkwato kaɗai ya isa ya kashe tsutsar. In babu leda, ka haƙa rami mai zurfin rabin mita ko fiye ka binne, ka tattake. Ka yi magana da maƙwabcin gonarka shi ma, domin ƙuda bai san iyaka ba.

Daga nan feshi. Daka busassun 'ya'yan dogon yaro rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗan sa sabulu don ya kama ganye. A maimaita duk mako. Yana rage darɓa, yana kuma hana ƙuda sakewa. Da yamma ake yi, ko da maganin kanti ne, saboda da safe furen ke buɗewa zuma na yawo a kai, kuma in babu zuma fure zai zube ba 'ya'ya. Maganin kanti kuwa, karanta kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, musamman kokwamba da ake ci ɗanya.

Shukar da ganyenta ya murɗe ya yi dabbare-dabbare ba ta warkewa. Tumɓuke ta ka fitar daga gona.

Ban ruwa a gindi za ka yi, kada ka jiƙa ganye. Baɗi kuma ka ba wurin hutu, ka sa albasa ko masara.