Daga Maradi zuwa Rajastan: yadda ake tsara mako guda a ƙasar ganuwa da fadoji

Masu zuwa Indiya daga Maradi, ko don asibiti ko don saro kaya, galibi a Delhi suke tsayawa, alhali Rajastan na nan yamma da su, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a jirgin ƙasa. Ita ce jiha mafi faɗi a Indiya, kuma a cikinta mafi yawan hamadar Tar take. Rairayi da raƙumi ba baƙin Bamarade ba ne, don haka lokacinka da kuɗinka su tafi kan ginin dutse.

Fara da katin rigakafin cutar shawara. Indiya na neman sa daga duk wanda ya fito daga Nijar, kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana 10. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Biza kuwa a nemi bayaninta a ofishin jakadancin Indiya da ke Yamai tun kafin a yanki tikiti. Canza sefa zuwa dala ko yuro tun daga gida, don can ba mai karɓarta. Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi.

A tafi tsakanin Oktoba da Maris. Mayu da Yuni zafi kan wuce digiri 45, ga hawan dutse a ƙafa. Disamba da Janairu kuma sanyin dare a hamada ya fi hunturunmu cizo, a riƙe rigar sanyi mai kauri.

Kwana biyu sun wadatar a Jaifur, birnin da sarki Sawai Jai Singh na biyu ya kafa a 1727. Fadar Hawa Mahal, gini mai tagogi 953, daga bakin titi ya fi kyau, da safe lokacin da rana ke dukan fuskarsa. Rabin awa ya wadatar. Abin da ke cin yini shi ne fadar Amber, kilomita 11 daga gari, wadda aka fara ginawa a 1592. Isa da buɗe ƙofa, kafin motocin ƴan yawon buɗe ido su cika farfajiya, ka miƙe zauren madubai, inda aka liƙe bango da rufi da ƙananan gilasai.

Daga nan sai Jodfur, kimanin kilomita 330. Idan ganuwa ɗaya kawai za ka iya gani, Mehrangar ce. Sarki Rao Jodha ya aza ta a 1459 bisa wani dutse da ya ɗara gari da mita 120, kuma an sassaƙa ginin daga dutsen da yake kai, har ido ba ya raba inda tsauni ya ƙare da inda bango ya fara. Hanyar shiga karkace take da gangan, don kada giwar yaƙi ta samu filin gudu ta banke ƙofa. Duba ƙusoshin ƙarfen da ke jikin ƙyaure, da tabon harsashin igwa a bango. Akwai na'urar saurare mai bayani da Faransanci, ta fi ɗan rakiyar da zai tare ka a bakin ƙofa. Tsoho ko mai ciwon gwiwa ya biya kuɗin lifta, ya sauko a ƙafa sannu a hankali.

Jaisalmer na kilomita 285 gaba, kusa da iyakar Pakistan. An gina ganuwarta a 1156 da dutse ruwan zuma, kuma har yau dubban mutane na zaune a cikinta da shagunansu da wuraren ibadarsu. Shawararmu a nan ita ce ka kama masauki a wajen ganuwa. An gina ta ne a zamanin da ake ɗauko ruwa a tulu. Da famfo da otal suka shigo, ruwan wanka ya riƙa tsiyaya cikin tudun da take kai, har wasu sassan bango suka rufta. Tudun rairayin Sam, kilomita 40 daga gari, wanda ya san hanyar Dakoro ko Agadas ba zai ga sabon abu ba. Kada a bi direba zuwa wajen iyaka, akwai yankunan da baƙo ba ya shiga sai da izini, kuma wayar tauraron ɗan'adam haramun ce a ƙasar.

Inda tafiya ta fi lalacewa shi ne tikitin jirgin ƙasa. Idan ka ga WL a kansa, layin jira kake, ba ka da kujera. Yanki ajin 3A, mai na'urar sanyi da gadon kwanciya, makonni kafin tafiya. Daga Jaisalmer komawa Delhi kusan awa 18 ne, don haka kada ka haɗa ranar isowa da ranar tashin jirgin sama.

Mai adaidaita da ya ce fada a rufe take yau, zai kai ka wani wuri, shagon da ake ba shi la'ada yake nufi. Yi ciniki kafin ka hau. Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa, wannan ƙa'ida ce a rubuce, ba cuta ba.

Gidajen abinci da yawa ba sa dafa nama. Mai son halal ya nemi unguwar Musulmi, kusa da masallaci. An hana yanka saniya a jihar, saboda haka kilishi ya tsaya a gida. Ruwa kuwa na gora kawai, a duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba.