Yadda za ka saita layinka kar kira ya ɓata in babu sabis

Sau nawa aka ce maka "wallahi na kira ka ya fi sau biyar" kai kuma ka duba wayarka ba ko misd kol ɗaya? Ba lallai ƙarya yake ba fa. In babu sabis kiran ko ƙofar wayarka bai zo ba, can wajen kamfanin layi ya tsaya, to waya ina za ta rubuta abin da ba ta gani ba.

Ga yadda abin yake. Wayarka kullum tana sanar da eriyar da ke kusa cewa ga ni nan, kamfani kuma yana ajiye yankin da ya gan ka na ƙarshe. In aka kira ka sai ya sa eriyoyin wannan yankin su yi cigiyarka, kamar mai shela a kasuwa. In ka kashe wayar da hannunka, tana yi wa netwok sallama kafin ta mutu, shi ya sa nan take mai kira zai ji an ce a kashe take. Amma in sabis ne ya ɗauke kana kan hanya ko ka shiga wani lungu, ba a yi sallama ba, netwok na zaton kana nan, sai mai kira ya ji shiru na 'yan daƙiƙu ana nemanka kafin a ce ba a same ka ba. Teks kuwa ajiye shi ake yi, da sabis ya dawo za ka ji sun shigo a jere.

To maganin shi ne ka faɗa wa kamfani inda zai kai kiran in bai same ka ba. Ka buɗe wajen danna lamba ka rubuta **62* sai lambar da kake so a tura wa, sai # sannan ka danna kira. Ka sa lambar a cike, in ta Najeriya ce +234 ka cire sifirin farko, in ta Nijar ce +227. Ka zaɓi layin wani kamfani daban don Allah, in layukan biyu na kamfani ɗaya ne kuma suna waje ɗaya ai tare za su rasa sabis. Ko ka sa na mai ɗakinka ko yaron shago. In kana son ka ga ko ya hau, *#62# zai nuna maka, in za ka cire ##62#.

Kuma ka yi wannan tun kana da sabis, tun kafin ka bar gari. Saitin ba a cikin wayar yake zama ba, aika shi ake yi wa kamfani, in ka bari sai ka isa ƙauye sandunan sabis sun ɓace ka danna har ka gaji ba inda zai je. Sannan ka bar kati a layin, don galibi kai ake cire wa kuɗin tura kiran.

Akwai maganar da ke yawo a WhatsApp wai ka danna *#62# in ka ga baƙuwar lamba to ana sauraron wayarka. Yawanci lambar akwatin saƙon murya ce ta kamfanin, ko ta tsarin da ke turo maka teks cewa wane ya neme ka. Mutum ya tsorata ya danna ##002# wanda ke share duk wata turawa, daga baya ya zo yana mamakin ya daina samun wannan teks ɗin.

Masu waya mai sim biyu kuma, a yawancinsu in kana magana a layi ɗaya ɗayan kamar babu shi ne a netwok, wanda ya kira shi zai ji ba a same ka ba alhali sabis ya cika. In ka tura kowanne zuwa ɗan'uwansa da **62* kuma ka kunna jiran kira da *43#, za ka ji shigowar na biyun kana kan magana.

Kiran WhatsApp shi da data yake aiki, ba ruwansa da waɗannan lambobi, in ka hau Wi-Fi zai shigo ko sim ba ya nuna komai. 112 kuma, wato lambar kiran gaggawa, waya na iya bin eriyar wani kamfani ta fita da shi, amma in yankin gaba ɗaya ba ko ɗaya, irin yadda aka rufe layuka a Zamfara a Satumbar 2021, shi ma ba zai tafi ba. A irin wannan sai dai a ce tun farko lambar wani da ke wajen yankin ka sa.